Takalmin zinare a ƙaramin fili: Me zai hana Auyo da Haɗeja fitar da gwarzon futsal?

A ranar 6 ga Oktoban 2024, a birnin Tashkent na ƙasar Uzbekistan, Brazil ta doke Ajantina da ci 2 da 1 ta ɗauki Kofin Duniya na futsal karo na shida. Da aka zo rabon kyaututtuka, FIFA ta ba Dyego kyautar gwarzon ɗan wasan gasar, Marcel ya karɓi takalmin zinare da ƙwallo 10, Willian kuma ya zama gwarzon mai tsaron raga. Dukkansu 'yan Brazil ne. Ƙasashe 24 ne suka buga gasar, uku daga Afirka: Maroko da Angola da Libiya.

Najeriya ba ta je ba, kuma ba a ji wani ya damu ba. Rabon ƙasar nan da wannan gasa tun 1992 a Hong Kong, inda ta buga wasa uku ta sha kashi a dukkansu.

Abin mamaki shi ne, wasan da ake rabon waɗannan kyaututtuka a kansa shi ne ya fi kama da ƙwallon da yaranmu ke bugawa kullum da yamma. A lungunan Haɗeja, ko a harabar firamare a Auyo da Kafin Hausa, da wuya ka ga mutum 22 a fili mai faɗin gaske. Huɗu-huɗu ne ko biyar-biyar, a ajiye duwatsu biyu ko takalma a matsayin raga, a yi ta gajeren fasin da yanka a ɗan wuri. Wasan yana nan. Gasa mai tsari ce babu, da kuma kyautar da za ta ɗaga sunan yaron da ya fi kowa iya cin raga har wani daga nesa ya ji labarinsa.

Wane irin wasa ne futsal?

Ƙwallon ƙafa ce ta cikin zaure, 'yan wasa biyar-biyar har da gola. Wani malami mai suna Juan Carlos Ceriani ne ya tsara ta a birnin Montevideo na Uruguay a 1930, daga nan ta bazu zuwa Brazil inda ta samu gindin zama. Filin da aka saba amfani da shi tsawonsa mita 40 ne, faɗinsa mita 20. Raga kuma mita 3 a faɗi, mita 2 a tsayi. Minti 20 ake yi kafin hutun rabin lokaci, 20 bayansa, amma agogo yana tsayawa duk sanda ƙwallo ta fita. Ƙwallon ta fi ta babban fili ƙanƙanta, ba ta yawan tsalle, ga shi kuma ana canjin 'yan wasa ba iyaka.

Akwai dokoki biyu da ke sa wasan zafi. Idan ƙwallo ta fita, daƙiƙa huɗu kawai gare ka ka dawo da ita wasa. Sannan ana tara laifuffukan kowace ƙungiya. Daga na shida a rabin lokaci guda, abokan hamayya na samun bugu kai-tsaye daga nisan mita 10 ba tare da katangar mutane ba. Mai keta ba ya daɗewa bai jawo wa ƙungiyarsa asara ba.

Wasan yana da nasa taurarin da nasa kyaututtukan na shekara-shekara. Mafi shahara su ne waɗanda kafar Futsal Planet ke bayarwa, inda masu horarwa da masana wasan ke jefa ƙuri'a. Ricardinho na Portugal ya zama gwarzon duniya sau shida, a 2010 sannan a jere daga 2014 zuwa 2018. Falcão na Brazil, wanda ya ci ƙwallo 48 a gasannin Kofin Duniya, ya ɗauka sau huɗu. Ferrão, shi ma ɗan Brazil, ya ɗauka sau uku a jere daga 2019. Duk ukun masu kai hari ne. Ko a can ɗin ma, mai cin raga ne ke tafiya da suna.

Abin da kyauta ke yi wa ɗan wasan gaba a Najeriya

Duk mai ganin kyautar wanda ya fi zura ƙwallo ado ce kawai, ya duba tarihin Ahmed Musa. A kakar 2009/2010, yana ɗan shekara 17, ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a gasar Firimiya ta Najeriya, ya karya tarihin ƙwallo 17 da Ishaya Jatau ya kafa tun 1990. Shekarar ba ta ƙare ba sai da ya koma VVV-Venlo ta ƙasar Holan. Daga can sai CSKA Moscow, sai Leicester City, sai Al-Nassr ta Saudiyya, ga ƙwallo huɗu a Kofin Duniya, biyu a ragar Ajantina a 2014, biyu a ragar Iceland a 2018. Hazaƙarsa ce ta kai shi, babu musu. Amma lambar nan, 18, ita ce ta sa masu neman 'yan wasa daga Turai suka waiwayo Kano.

Haka abin ya ci gaba. Jude Aneke ya ci wa Kaduna United 20 a 2011. Mfon Udoh na Enyimba ya ci 23 a 2014, tarihin da babu wanda ya taɓa shi har zuwa ƙarshen kakar 2024/2025. Anthony Okpotu ya ci 19 a Lobi Stars a 2017, ya wuce Maroko. Junior Lokosa ya ci wa Sai Masu Gida 19 a 2018, ya wuce Esperance ta Tunisiya. Sunusi Ibrahim na Nasarawa United, wanda ya yi kunnen doki da Udoh a 2019, daga baya ya tafi Montreal ta Kanada. Anas Yusuf, shi ma na Nasarawa United, shi ne ya fi kowa a kakar 2024/2025 da ƙwallo 18.

Ba kowa a cikinsu ne ya yi nisan Ahmed Musa ba, wasu ma tauraronsu ya dushe da wuri. Duk da haka, a ƙasar da ba a cika ɗaukar wasannin cikin gida a bidiyo mai kyau ba, yawan ƙwallon da mutum ya ci shi ne shaidar da ta fi saurin tsallake iyaka. Dillalin 'yan wasa da ke zaune a Tunis ko Kasablanka bai ga wasanka ba, lambarka ya gani.

To ɗan Auyo fa, ina tasa lambar take? Jigawa Golden Stars, ƙungiyar jihar, ta faɗo daga gasar Firimiya a ƙarshen kakar 2021. Ko lokacin da take sama ma, ƙungiya ɗaya ce ga ƙananan hukumomi 27. Abin da ya rage wa mafi yawan matasa shi ne gasannin unguwa da na ƙaramar hukuma, irin waɗanda ɗan siyasa ko attajiri ke sa wa kofi. Kowa ya san yadda suke ƙarewa: ranar wasan ƙarshe a kira wanda ya fi cin ƙwallo, a miƙa masa ambulan ko takalmi, a ɗauki hoto a sa a Facebook. Bayan wata shida ka tambayi ƙwallo nawa ya ci, a wasa nawa, a ragar wa, sai gardama ta tashi. Idan zaɓe ya wuce, sau da yawa kofin ma ya wuce ke nan.

Ruwa, rana da fili

Akwai dalilin da ya sa maganar ƙaramin fili ta fi dacewa da wannan yanki fiye da wurare da yawa. Auyo tana cikin fadamar Kogin Haɗeja ne. Ruwan da ke sa shinkafa da alkama su yi albarka a nan, shi ne ke mamaye gari idan damina ta yi ƙarfi, musamman idan an haɗa da wanda ke gangarowa daga madatsun Tiga da Challawa, ga kuma ciyawar kacala da ta toshe hanyoyin ruwa. Ambaliyar 2018 da ta 2020 da ta 2022 duk sun taɓa Auyo da maƙwabtanta. A irin wannan lokaci filin ƙwallo na ƙasa yakan koma tafki, makarantun da ke kan tudu kuma su zama mafakar waɗanda ruwa ya raba da gidajensu. Daga Agusta zuwa Oktoba, gasar babban fili sai dai a yi ta da addu'a.

Idan ruwa ya janye, aiki ya taso. Aikin noman rani na Kwarin Haɗeja, wanda tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya zo Auyo ya ƙaddamar bayan gyara a Janairun 2023, yana riƙe matasa a gona da rana. Daga Maris zuwa Mayu kuma zafi yana haura digiri 40. Lokacin da saurayi ke da sarari da ƙarfin gudu shi ne bayan la'asar sakaliya ko bayan isha'i.

Yanzu a yi lissafi. Babban fili mai mita 105 da 68 ya haura murabba'in mita 7,000. Filin futsal murabba'in mita 800 ne. Wato wurin da babban fili ɗaya zai ci, ya kusa isar ƙanana tara. Ɗaga murabba'in mita 800 sama da inda ruwa ke kaiwa, a dafe shi da siminti mai santsi, a kewaye da waya, a sa fitilu masu aiki da hasken rana, abu ne da ƙaramar hukuma za ta iya ba tare da jiran Abuja ba. Rufin kwano zai iya zuwa daga baya. Gaskiya ne a wasannin ƙasa da ƙasa kan katako ko roba ake bugawa, kuma siminti yana cin gwiwa idan aka faɗi. Amma a kan irin wannan daɓen ne dubban yaran Brazil suka koyi wasan a unguwanninsu.

Sannan ga batun mutane. Ƙauyen da ba zai iya tara 'yan wasa 18 da kuɗin motar kai su wani gari ba, zai iya tara takwas su hau babura. A dare ɗaya, fili ɗaya zai ɗauki wasa uku ko huɗu. Masarautar Haɗeja tana da ƙananan hukumomi takwas: Auyo, Birniwa, Guri, Haɗeja, Kafin Hausa, Kaugama, Kirikasamma da Malam Madori. Takwas lamba ce da ta dace da gasa kamar an auna.

Wanda ke ganin wannan mafarki ne ya dubi Maroko. Ƙasar ta ɗauki Kofin Afirka na futsal sau uku a jere, a 2016 da 2020 da 2024, ƙarƙashin koci ɗaya, Hicham Dguig, wanda aka bar shi a kan aiki fiye da shekara goma. Ta kai zagayen kusa da na kusa da na ƙarshe a Kofin Duniya na 2021 da na 2024, kuma duka biyun Brazil ce ta fitar da ita. Tushen wannan nasara ƙananan filayen unguwa ne da gasannin dare na watan azumi, al'adar da mu ma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A gasar Afirka ta 2024 da aka yi a Rabat, Muritaniya da Namibiya sun samu gurbi. Najeriya, mai mutum sama da miliyan 200, ba ta cikin ƙasashe takwas ɗin.

Ƙirga ƙwallo kaɗai yana da haɗari

A nan ne ya kamata masu shirya gasa su nutsu, domin kyautar da aka tsara ta ba daidai ba tana iya ɓata wasan da aka kawo ta don ta gyara.

A futsal ƙwallaye suna shiga da yawa, kuma ba duka ne darajarsu ɗaya ba. Ƙungiyar da ake ci takan cire golanta a mintunan ƙarshe ta sa ɗan wasa na biyar don matsa lamba. Idan ƙwallo ta kuɓuce musu, kowa na iya buga ta daga nesa ta faɗa ragar da babu kowa. Wannan ma ci ne a takarda. Ga kuma ɗan wasan gaba da ake kira fibo, wanda aikinsa shi ne ya juya wa raga baya, ya tare ƙwallo da tafin ƙafa, ya danne mai tsaronsa, ya ajiye wa abokinsa da ke tahowa da gudu. Zai iya zama shi ne ginshiƙin duk harin ƙungiyar, amma a ƙarshen gasa a ga ƙwallonsa bai kai na wanda yake ciyarwa ba. Idan kyauta ɗaya ce tak, kuma ta mai yawan ƙwallo ce, to an koya wa yara son kai ke nan: kowa ya samu ya buga raga, fasin ya mutu. Alhali fasin a matsattsen wuri shi ne babban abin da futsal ke koyarwa.

Manyan hukumomi sun daɗe da gane haka. A Kofin Duniya na 2010 a Afirka ta Kudu, mutum huɗu ne suka ci ƙwallo biyar-biyar: Thomas Müller, David Villa, Wesley Sneijder da Diego Forlán. Müller ne ya tafi da takalmin zinare saboda ya fi su bayar da ƙwallon da aka ci. Shi ma takalmin zinaren Turai sai da aka dakatar da shi na wasu shekaru bayan 1991, aka dawo da shi da sabon lissafi inda ƙwallon da aka ci a manyan gasanni biyar ke da maki biyu, na gasannin da ke biye maki ɗaya da rabi, na ƙanana maki ɗaya. Dalili shi ne kada wanda ya tara ƙwallaye a ragar raunana ya sha gaban wanda ya yi gumi a gaban ƙarfafa.

Mu a nan gida mun ga inda ƙirga ƙwallo ba tare da sa ido ba ke kaiwa. A Yulin 2013, a wasannin neman hawa mataki da aka buga a Bauchi, Plateau United Feeders da Police Machine suna kankankan a maki, yawan ƙwallo ne zai raba gardama. An tafi hutun rabin lokaci ɗaya tana cin 7, ɗaya tana cin 6. Da aka tashi, Feeders ta ci Akurba 79 da nema, Police Machine ta ci Babayaro 67 da nema. Duniya ta yi mana dariya, hukumar NFF ta dakatar da 'yan wasan da jami'an har abada, ƙungiyoyin kuma shekara goma. Wannan neman hawa mataki ne. Amma a sa babur a matsayin kyautar mai yawan ƙwallo a gasar ƙaramar hukuma, ba tare da alƙalin wasa mai zaman kansa da rubutaccen bayani ba, a ga ko ba za a samu golan da zai riƙa kauce wa ƙwallon abokinsa ba.

Don haka a ganina kyautar masu kai hari ta kasu biyu. Ɗaya ta lissafi ce zalla, wanda ya fi cin ƙwallo, idan an yi kunnen doki a duba wanda ya fi bayarwa aka ci. Ɗayar kuma ta ƙuri'a ce, gwarzon ɗan wasan gaba na shekara, masu horarwa da kyaftin-kyaftin su zaɓa, da sharaɗin babu mai zaɓar ɗan ƙungiyarsa, kuma a karanta ƙuri'un a bainar jama'a. Wanda ya sa kuɗin kofi a gode masa, a kira sunansa a lasifika, amma kada a ba shi ƙuri'a. Mun san halin kayanmu.

Za a ce, su kuma gola da ɗan baya laifin me suka yi? Ƙorafi ne mai tushe, kuma ba a nan ya fara ba. Gola ɗaya ne tak ya taɓa cin Ballon d'Or, Lev Yashin a 1963, ɗan baya na ƙarshe kuma Fabio Cannavaro ne a 2006. A Afirka, bayan Victor Osimhen a 2023 da Ademola Lookman a 2024, sai a Nuwamban 2025 ɗan baya, Achraf Hakimi, ya zama gwarzon nahiyar, abin da rabon a gani tun 1973. A futsal, inda gola ke tare ƙwallaye masu yawa a wasa guda kuma shi ke fara hari da jifa, barin sa ba kyauta zalunci ne. A ba shi tasa, kuma kada ta gaza ta ɗan gaba da nisa.

Takarda ɗaya a kowane wasa

Abin da ya fi komai arha a cikin wannan magana shi ne ya fi komai muhimmanci, kuma shi aka fi sakaci da shi. Takarda ɗaya ce a kowane wasa: kwanan wata, sunayen 'yan wasa, wa ya ci, a minti na nawa, wa ya ba shi. Alƙalin wasa da kyaftin biyu su sa hannu kafin kowa ya bar fili, a ɗauki hotonta da waya a tura zauren WhatsApp na gasar a daren. Ƙorafi ya zo cikin kwana ɗaya, bayan nan an rufe. A ɗora waya a kan sanda a kusurwar fili ta ɗauki wasan. A fili mai mita 40 kyamarar waya tana ganin komai daga raga zuwa raga, abin da ba zai yiwu a babban fili ba.

Masu yin wannan aiki ba su da nisa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman tana Haɗeja, Jami'ar Sule Lamido tana Kafin Hausa, duka maƙwabtan Auyo, cike da ɗaliban da ke iya zayyana maka ƙwallayen Haaland na kakar bara ba tare da duba waya ba. A kowane gidan kallon ƙwallo akwai irinsu. Ƙwarewar da ake kashewa wajen gardamar Real Madrid da Barcelona, kaɗan daga cikinta ya isa riƙe kundin gasar masarauta guda.

Sai batun shekaru, wanda shi ne ciwon ƙwallon Najeriya. Idan za a yi kyautar matashin ɗan wasan gaba, a ɗaura ta a kan lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN da rajistar makaranta tun ranar da aka yi wa yaro rajista a gasar, kada a bari sai ya fara cin ƙwallo sannan a shiga neman takardar haihuwa. Yaron da aka fara rubuta sunansa yana ɗan shekara 13, aka ci gaba da rubutawa kowace kaka, yana da abin da zai nuna wa kowace makarantar horar da ƙwallo a Kano ko Kaduna, kuma shekarunsa ba za su koma baya ba.

Wani zai ce yaronsa babban fili yake so, can kuɗin yake. Haka ne, kuma futsal ba ta hana shi ba. Ronaldinho da Neymar duk sun taso suna buga ta kafin su koma ciyawa. Abin da take bai wa ɗan gaba shi ne taɓa ƙwallo sau da yawa a wasa guda da yanke shawara kafin a rufe shi, domin a mita 40 babu inda za a ɓuya.

Akwai kuma ƙofar da ta buɗe kwanan nan. A Afrilun 2025 aka buga Kofin Afirka na futsal na mata karo na farko a Maroko, mai masaukin baƙi ta ɗauka bayan doke Tanzaniya, su biyun kuma suka wakilci nahiyar a Kofin Duniya na mata na farko a ƙasar Filifin. A yanki irin namu, inda iyaye da yawa ba za su bar 'ya mace ta buga ƙwallo a buɗaɗɗen fili ba, killataccen wuri a cikin makarantar 'yan mata, malamai mata na kula, shi ne kusan hanya ɗaya da za ta samu ta taɓa ƙwallo.

Gwamna Umar Namadi ɗan Kafin Hausa ne, ya san fadamar nan da abin da ruwa ke yi mata. Amma fili na farko bai kai girman da sai an je Dutse ba. Shugaban ƙaramar hukuma ɗaya, ko ɗan majalisar da ke neman aikin mazaɓa da za a gani da ido, zai iya zuba daɓen kafin damina ta sauka. Hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha kuma ta turo alƙalan wasa biyu da suka san dokar daƙiƙa huɗu da ta laifi na shida, su koya wa na gida a mako guda.